Inda Ake Koyon Tsayuwa Gaban Alƙali: Abin da Na Gani a Gidajen Lauyoyin Landan

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Temple da ke birnin Landan, ya ɗan bi gaɓar kogin Tems, ya kutsa ta wata ƙofa ya fara hawan lungun Middle Temple, zai ji kamar ya bar birnin gaba ɗaya. Ƙarar motocin titin Fleet tana can sama, ta bakin kogi tana can ƙasa, tsakaninsu kuwa sai daɓen duwatsu, da filayen ciyawa da aka gyara tsaf, da dogayen gine-ginen jan bulo, da fitilun gas waɗanda har yau ake kunnawa idan magariba ta yi. A bakin kowace ƙofa akwai allo ɗauke da jerin sunayen lauyoyin da ke aiki a ciki. Can tsakiya ga wata tsohuwar majami'a mai siffar da'ira, wadda aka buɗe tun 1185. A wannan unguwa, da wasu biyu da ke arewa da ita kaɗan, Ingila ta shafe ƙarnuka tana renon lauyoyin da ke tsayawa gaban alƙali.

Zumunci ne ya kai ni. 'Yar yayata ta gama digirinta na shari'a, ta shiga kwas ɗin da ake yi kafin a zama barista, ni kuma na je duba ta. Sai dai da yake na daɗe ina zaman kotunan gida ina ɗauko rahoto, akwai tambayar da ke cina tun tuni. Na sha ganin matashin lauya mai ilimi, wanda ya haddace sassan doka, ya miƙe zai yi wa shaida tambayoyi, sai baki ya sarƙe, tambaya ta hau kan tambaya, alƙali ya ajiye biro ya zuba masa ido, wanda ake tuhuma kuma yana cikin akwati yana kallon makomarsa tana tangal-tangal. A ina ya kamata yaron nan ya yi wannan tuntuɓen? Da na faɗa wa 'yar tawa haka, sai ta ce, "Kawu, ranar Laraba da yamma muna da atisaye. Bari in nemo maka izini ka zauna daga baya, gani ya kori ji."

Gidajen lauyoyin guda huɗu ne: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple. Ba wanda zai zama barista a Ingila sai ya shiga ɗaya daga cikinsu, kuma gidansa ne kaɗai ke da ikon yaye shi. Kundayen tarihin Lincoln's Inn sun faro tun daga 1422. A 1608 Sarki James na Ɗaya ya mallaka wa gidajen Temple biyu filin da suke kai, bisa sharaɗin su ci gaba da saukar da masu koyon shari'a da karantar da su. Gandhi ya fito daga Inner Temple a 1891, Muhammad Ali Jinnah daga Lincoln's Inn a 1896. Mu ma muna da sawu a nan. Christopher Sapara Williams, ɗan Najeriya na farko da ya zama barista, Inner Temple ce ta yaye shi a 1879. Ita ce kuma ta yaye Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori a 1955, lauya na farko daga Jihar Arewa. Mai Shari'a Muhammadu Bello, Bakatsinen da ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, ɗan Lincoln's Inn ne. Hular gashin doki da baƙar rigar da lauyoyinmu ke sawa cikin zafin bazara, daga waɗannan lunguna suka taso.

Tun zamanin da, karatun gidajen nan a tsaye ake yinsa. Bayan cin abincin dare a babban zaure, sai a kawo ƙagaggiyar ƙara, ɗalibai su miƙe su yi jayayya a kanta, dattawan gida na zaune a matsayin alƙalai. Yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640 ya karya wannan al'ada, har aka kai lokacin da abin da ake nema wurin ɗalibi bai wuce ya halarci liyafa sau kaza ba. Sai a 1852 gidajen suka haɗu suka kafa majalisar koyar da shari'a, a 1872 kuma jarrabawa ta zama dole. Duk da haka karatun ya fi karkata ga takarda, har zuwa 1989 da aka sake wa kwas ɗin fasali aka ɗora shi kan aikin da lauya zai yi da kansa: ganawa da wanda ya kawo masa ƙara, rubuta shawara, tsara takardun kotu, da magana gaban alƙali. Wato su ma sun taɓa sakin abin, suka ga illar sakinsa, suka waiwaya suka ɗauko shi.

Ɗakin da aka kai ni ƙarami ne, a saman bene. Teburin alƙali a gaba, kujerar shaida a gefe, sai kyamara a kan ƙafafunta uku. Ɗalibai shida ne, dukansu cikin baƙaƙen kwat kamar masu zuwa kotun gaske. Malamarsu wata dattijuwa ce mai furfura, Lauyar Sarki, muƙamin da ya yi daidai da SAN a wurinmu. Kai tsaye daga kotu ta taso, tana janye da jaka mai taya cike da kundaye. Ba ta yi lacca ba, domin tun kafin ranar an raba wa kowa kundin ƙarar ya yi nazari. An fasa wani shago da dare, wata maƙwabciya ta ce ta hango ɓarawon ta tagar ɗakinta, 'yan sanda suka kama wani saurayi, shi kuma ya ce yana gidan yayarsa a lokacin. Ƙarar ƙagaggiya ce, amma komai na ciki: bayanan shaidu, taswirar titi, hoton wurin, da rahoton ɗan sandan da ya yi kamun. Malamar ta fara da tambayar kowa abu guda: a jimla ɗaya, me ya sa ɓangarenka ya cancanci nasara? Wanda ya fara kewaye-kewaye sai ta tsayar da shi. Ta ce lauyan da bai san jawabinsa na ƙarshe ba tun kafin a kira shaida na farko, to bai san abin da zai tambaya ba.

'Yar tawa ce ta fara, a matsayin mai gabatar da ƙara, za ta jagoranci maƙwabciyar ta ba da labarinta. Wata ɗaliba ta hau kujerar shaida. Ƙa'idar wannan mataki, a can da nan gida, ita ce lauya ba ya sa wa shaidarsa magana a baki kan abin da ake jayayya a kai, kuma Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 haka ta tanada. Nasa bai wuce ya tambayi wa, me, ina, yaushe da yaya ba, labari kuma ya fito daga bakin wanda ya gani. Ta miƙe ta ce, "Ya Mai Shari'a," ta gabatar da shaidar, ta fara lafiya lau. Can sai ta ce, "Da kika leƙa ta taga, kin ga wani dogon saurayi da jar hula yana fitowa daga shagon, ko ba haka ba?" Malamar ba ta katse ta ba. Ta bar ta ta yi 'yan mintoci, ita kuma tana ta rubutu da sauri, sannan ta ɗaga hannu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Gyaran yana da matakai shida a jere, ba a tsallake ko ɗaya. Da farko ta ba gyaran take, kalmomi kaɗan da ɗalibi zai iya riƙewa: "Bar shaida ta faɗa." Na biyu, ta karanto mata tambayoyinta daidai yadda ta furta su, kalma da kalma, don kada a tsaya musun an faɗa ko ba a faɗa ba. Na uku, ta kawo dalili: idan jar hular nan daga bakin lauya ta fito, lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya ƙi yarda, ko da bai miƙe ba kuwa, mutum 12 ɗin nan da ake zaɓowa daga jama'ar gari don yanke hukunci a manyan laifuffuka za su ji kamar lauya ce ta ga ɓarawon. Na huɗu, ta ba da magani: ki fara kowace tambaya da kalmar tambaya, ki kuma ɗauki kalma ɗaya daga amsar da aka ba ki ki ɗora ta gaba a kanta. Na biyar, sai dattijuwar nan ta taso daga kujerar alƙali, ta zagayo ta tsaya inda ɗalibar take, ta yi da kanta.

"Da kika leƙa, me kika gani?"

"Wani mutum."

"Mutumin nan, a ina yake?"

"A ƙofar shagon."

"Kwatanta mana shi."

Nan take tsawonsa da jar hularsa suka fito daga bakin shaidar. Na shida, bayan an ɗan huta, 'yar tawa ta sake miƙewa ta maimaita wannan gaɓar kaɗai. Wannan karon ko sau ɗaya ba ta sa wa shaidar magana a baki ba.

Ni da ke zaune a baya na lura da wasu abubuwan. Tana kaɗa biro, idonta na kan takarda, tana cewa "to, na gode" bayan kowace amsa. Malamar ta gan su sarai, amma ba ta taɓa ko ɗaya ba. Da na tambaye ta daga baya, sai ta ce mutumin da ke tsaye gaban jama'a gabansa na faɗuwa ba ya iya ɗaukar gyara biyar a lokaci guda. In ka ɗora masa biyar, da kunya kawai zai tafi, in ka ba shi ɗaya zai tafi da shi har abada. Ga kuma sauran biyar na zaune suna jin gyaran kowa, don haka kowane ɗalibi da darasi shida yake fita. Batun tsayuwa da motsin hannu da kallon ido kuwa an bar wa ɗakin bidiyo, inda ɗalibi zai zauna da wani malamin su biyu kaɗai su kalli abin da kyamara ta ɗauka. Na ga hikima a nan. Abin da ya shafi aiki ana gyara shi a bainar jama'a don kowa ya amfana, abin da ya shafi jikin mutum da ɗabi'arsa ana gyara shi a asirce. Har aka tashi ban ji an daka wa kowa tsawa ba, ban ji an yi wa kowa dariya ba.

Daga nan aka juya ga tambayoyin titsiye, inda lauyan wanda ake tuhuma ke gwada ƙwarin shaidar abokin hamayya. A nan ƙa'idar ta juye. Lauya ne ke riƙe da linzami, da gajerun jimloli, kowace ɗauke da batu ɗaya tak, shaida ba ta da abin cewa sai e ko a'a. Saurayin da ya miƙe ya yi shiri sosai. Tun 1976, a ƙarar Turnbull, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta gargaɗi alƙalai cewa shaida na iya zama mai gaskiya ƙwarai amma ya yi kuskuren gane fuska, ta kuma jera abubuwan da za a auna: tsawon lokacin da aka ga mutumin, nisa, haske, ko wani abu ya tare ido, ko an san shi a da, da tazarar da ke tsakanin gani da nunawa. Saurayin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe biyun dare ne? E. Ƙarar fashewar gilashi ce ta tashe ki daga barci? E. Tagarki tana hawa na uku? E. Fitilar titin da ke gaban shagon ta mutu? E. Akwai bishiya tsakanin tagarki da ƙofar shagon? E. Da gudu mutumin ya wuce? E. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya ga shaidar ta yi laushi.

Sai ya ƙara ɗaya: "To, ta yaya kike da tabbacin shi ne?" Shaidar ta gyara zama ta ce, "Ai shi ke wanke mini mota duk Asabar, ko tafiyarsa na hango na san shi." Abin yana cikin kundin, can ƙarshen bayaninta, mai gabatar da ƙara ba ta fito da shi ba, shi kuma ya fito mata da shi da hannunsa. Magana zarar bunu ce. Taken gyaransa shi ne "Tsaya inda ka ci." Malamar ta nuna masa cewa duk tambayar da ta fara da "ta yaya" ko "don me" ta miƙa wa shaida fili ne ta yi jawabi, kuma haɗa waɗancan amsoshi shida a fitar da ma'anarsu aikin jawabin ƙarshe ne, lokacin da shaida ta riga ta sauka. Maganin da ta ba shi mai sauƙi ne: ya rubuta sakamakon da yake so a ƙasan takardarsa, ya ja layi a samansa, kada tambayarsa ta ƙetare layin. Amma ta tuna masa wani haƙƙi da ke kansa tun wani hukunci na 1893: in zai ce wa kotu shaidar ta yi kuskure, dole ya faɗa mata a gaban idonta, ta samu damar amsawa. Ta miƙe ta gwada masa: "Na ce miki kin yi kuskure, ba shi kika gani ba." Shaidar ta ce a'a, malamar ta ce ba ta da sauran tambaya, ta zauna. Da a kotun gaske ne, wannan tambaya guda za ta iya kai bawan Allah gidan yari. A ɗakin nan kuwa abin da ta ci bai wuce ɗan gumin goshi ba, kuma kafin a tashi saurayin ya sake yi daidai.

Wannan tsari ba a Landan aka haife shi ba, kuma malaman ba sa ɓoyewa. A 1971 aka kafa cibiyar NITA a Amurka don koya wa lauyoyi aikin kotu ta hanyar yi da kai, ta yi zamanta na farko a garin Boulder na Jihar Kolorado a 1972. A 1973 Alƙalin Alƙalan Amurka, Warren Burger, ya yi wata lacca a Jami'ar Fordham da ke New York, inda ya ce a ƙiyasinsa kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin lauyoyin da ke tsayawa a manyan ƙararraki ba su da ƙwarewar da aikin ke bukata, ya kuma nuna tsarin Ingila a matsayin abin koyi. Wani alƙalin Kotun Ƙoli ta Jihar Victoria a Ostareliya, George Hampel, ya ɗauki salon Amurkawan ya tace shi, ya jagoranci cibiyar koyar da aikin kotu ta ƙasarsa da aka kafa a 1991. Daga can salon ya iso gidajen Landan, inda har yau ake kiransa da sunan Hampel. Ƙasar da ta kai wa ƙasashe da dama tsarin shari'arta ba ta ji kunyar ɗaukar darasi daga waɗanda ta taɓa mulka ba. Wannan ya ƙara mata girma a idona.

Lokacin shan shayi na samu zama da malamar. A nan na ji cewa ita da ire-irenta, manyan lauyoyi da alƙalai, ba a biyansu ko kwabo kan wannan aiki. Kuma girma kaɗai ba ya sa a ba mutum aji. Sai shi ma an horar da shi kan matakan nan shida, an gwada shi, an ga ya iya. Ta ce mataki na biyar ne ke tace malamai, domin faɗar gyara daga zaune kowa ya iya, amma tashi ka yi a gaban yara, nan take, ba shiri, sai wanda aikin ya zauna masa a jiki. Na tambaye ta me ke fito da ita bayan wunin kotu. Ta ce lokacin da take ƙarama wani ya tsaya mata, kuma lauyoyin da take koya wa yau su za su tsaya wa mutanen da ba za ta taɓa sani ba.

Ta kuma ja hankalina ga abin da ta ce ya fi iya tambaya muhimmanci, wato amana. Haƙƙin kotu a kan barista ya sha gaban haƙƙin wanda ya ɗauke shi. Ba zai faɗa wa alƙali abin da ya san ƙarya ne ba. In ya san wani hukunci da ya saɓa wa ɓangarensa, wajibi ne ya nuna wa kotu shi ko da abokin hamayya bai gano ba. Ba zai zaunar da shaida ya biya masa abin da zai faɗa ba, abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake jaddadawa a 2005. Kuma ba zai ƙi karɓar ƙara don yana ƙyamar mai ita ko laifin da ake zarginsa da shi ba. Waɗannan ma a aikace ake koyonsu. Ana tsakiyar atisaye sai a miƙo wa ɗalibi 'yar takarda: wanda kake karewa ya raɗa maka yanzu cewa shi ya fasa shagon. Me za ka yi? Amsar ita ce yana iya ci gaba da gwada ƙwarin shaidun masu ƙara, domin a kansu nauyin tabbatarwa yake, amma ba zai sake kiran yayar nan ta rantse cewa yana gidanta ba.

Wani darasin da ya taɓa ni shi ne na yara da masu rauni. Wata doka ta 1999 ta ba kotunan Ingila damar sa labule tsakanin yaro da wanda ake tuhuma, ko yaron ya yi magana ta bidiyo daga wani ɗaki, ko alƙali da lauyoyi su cire hula da riga don kada su tsorata shi, ko a kawo ƙwararren da zai taya shi fahimtar tambaya. A 2010 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da shaidar yarinya 'yar shekara huɗu, a 2014 kuma ta ce lauya ne zai daidaita kansa da shaida, ba shaida ce za ta daidaita kanta da lauya ba. Saboda haka ɗaliban da aka koya wa titsiye yanzu-yanzu, sai a koma a koya musu inda titsiye ya haramta. Yaro ba a ce masa "ko ba haka ba?", domin zai amsa e ne don ya faranta wa babba. Ana rubuta tambayoyin tun da wuri, alƙali ya duba, a soke duk wadda ta yi tsawo ko ta ƙunshi abu biyu. Na tuna ƙananan 'yan matan da ake kawowa kotu kan ƙarar fyaɗe, na ce wannan ilimi ya kai a yi tattaki dominsa.

Daren Laraban nan mataki ɗaya ne a doguwar matakala. A kwas ɗin kansa, ana jarraba ɗalibi a tsaye: ya jagoranci shaida, ya yi titsiye, ya roƙi alƙali wata bukata, sau da yawa da 'yan wasan kwaikwayo a kujerar shaida. Kafin gidansa ya yaye shi sai ya halarci zama 10 na horo, wasu a gidan, wasu a ƙarshen mako a wurare irin su Cumberland Lodge da ke dajin Windsor. Mai son taɓa ƙarar gaske tun yana ɗalibi yana iya shiga ƙungiyar FRU, wadda ɗalibai suka kafa a 1972, ya tsaya wa marasa hali kyauta a kotunan ma'aikata da na tallafin gwamnati, ƙarƙashin kulawar manya. Bayan yaye akwai wata 12 na zama ƙarƙashin ubangida: shida na farko yana binsa yana kallo, yana kuma halartar wani kwas ɗin atisayen, shida na biyu ya fara miƙewa da kansa a ƙananan ƙararraki. Cikin shekara uku na farkon aikinsa dole ya dawo ya yi wasu awanni tara na atisaye. Waɗanda suka ɗan kwana biyu a aikin kuma suna zuwa Kwalejin Keble da ke Oxford a ƙarshen bazararsu, su kwana can suna titsiye likitoci da akantoci na gaske.

Kafin in bar birnin na je Old Bailey, babbar kotun manyan laifuffuka, wadda aka buɗe gininta na yanzu a 1907 a filin tsohon kurkukun Newgate. Kowa na iya hawa benen 'yan kallo, sai dai ba a shiga da waya. Na tarar da wata matashiyar barista tana yi wa wani ɗan sanda tambayoyi kan lokacin da ya rubuta bayaninsa. Muryarta ƙasa-ƙasa, jimlolinta gajeru, ba zagi, ba buga tebur. Ta samu amsar da take nema, ta ɗan dubi takardarta, ta ce ba ta da sauran tambaya, ta zauna. Na gane layin nan da aka ja a ƙasan takarda. Abin da na gani ana shukawa a ƙaramin ɗaki, ga shi ya nuna a gaban alƙali.

Tsarin nasu yana da nasa ciwon. Kuɗin kwas ɗin na da tsada ƙwarai, guraben zama ƙarƙashin ubangida sun yi wa masu nema kaɗan, har da yawa daga waɗanda aka yaye ba sa samun shiga aikin. Gidajen huɗu na raba tallafin miliyoyin fam a kowace shekara don 'ya'yan marasa hali, amma bai ishi kowa ba. Kotunansu ma na fama da cunkoson ƙararraki. Abin da na yaba shi ne sun yarda cewa magana gaban alƙali sana'a ce da ake koya, kuma sun ware mata lokaci da manyan mutanensu.

Mu ma ba daga fako za mu fara ba. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda dokar 1962 ta kafa, ta buɗe a titin Igbosere na Legas a 1963 da ɗalibai 8, yau tana da hedikwata a Bwari da rassa har a Bagauda da Yola. Tana tura ɗalibai zaman kotu da ofisoshin lauyoyi, tana shirya ƙagaggun shari'o'i, kuma tun kafa ƙungiyar NULAI a 2003 jami'o'i da dama sun buɗe ɗakunan taimakon shari'a inda ɗalibai ke ganawa da jama'a. Sai dai dubbai ake yayewa a kowace shekara, kuma babu malamin da zai iya tsayar da dubbai ɗaya bayan ɗaya ya saurare su. Tela ba ya fara koyon yanka da shaddar ango, a takardar siminti ake farawa; to wa zai zauna da ɗan koyon ya duba yankan? Manyan lauyoyinmu da alƙalanmu masu ritaya ne.

Muna ma da bukatar da Landan ba ta da ita. A manyan kotunanmu shaida na magana da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, lauya na tambaya da Turanci, tafinta na tsakani, kuma doguwar tambaya a bakin tafinta take mutuwa. A kotunan shari'ar Musulunci kuwa da Hausa ake zaman, ga sukar shaida, ga i'izari, kowanne da ladabinsa da ƙa'idarsa. Ya kamata ɗalibinmu ya yi atisayen da harsunan biyu, da tafinta a tsakani wani lokaci, kafin ranar da za a ɗora masa 'yancin wani.

Kayan aikin ba su wuce ɗaki ɗaya, tebur, kujera, wayar da za ta ɗauki bidiyo, da kundin ƙara da aka tsara da sunaye da wuraren gida ba. Abin da ya rage shi ne mutum mai furfura da zai ba da yammaci guda a wata. Ina kira ga rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a Kano, Kaduna, Sakkwato, Maiduguri da sauran garuruwanmu, da tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu, da duk wanda ya kai muƙamin SAN ko ya sauka daga kujerar alƙalanci: ku tara yara shida-shida, ku tsayar da su, ku gyara musu abu ɗaya, ku tashi ku gwada musu, ku sa su sake. Talakan da zai shiga akwati gobe ba shi da bakin da zai kare kansa sai na yaron da kuka koya wa yau. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.